Allurar Sinawa don Ciwon Baya da Gwiwa: Yadda Za Ka Gwada Ta Karon Farko Ba Tare da Ka Cutu Ba

Duk wanda ya san fadamar Argungu ko ta Suru a lokacin dashen shinkafa ya san abin da sunkuyo ke yi wa ƙugun mutum. Haka masunta a Yawuri, da 'yan kabu-kabu, da matan da suka taso cikin surfe da daka. Ciwo ya samu wurin zama, sai a koma ga mai kemis: yau diklofenak, gobe ibuprofen, wani ma har ya kai ga tiramol. Biyun farko suna haddasa gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha, na ukun kuwa kama mutum yake yi. Don haka wanda ya ji labarin akufanca, wato jinyar da ake tsira wa mutum siraran allurai a jiki, ya ce bari ya gwada, bai yi wauta ba.

Sana'ar ta Sinawa ce, kuma an rubuta ta a littattafan likitancinsu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Babu ruwan magani a cikin allurar, ba a kuma fitar da jini. A nan ta bambanta da ƙahon wanzami, ta bambanta da tsaga, ta yi nisa da sakiya. Ana soka allurar ne a wasu zaɓaɓɓun gurabe, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita 361 daga cikinsu, a bar ta na ɗan lokaci, a zare.

Shawarata tun daga farko ita ce ka ɗauki abin a matsayin gwaji mai wa'adi. Ka shiga da sanin ranar da za ka tsaya ka yi lissafi.

Mataki na 1: Ka fara sanin sunan ciwonka

Kafin kowa ya soka maka komai, likita ya duba ka. Ciwon baya ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gajiyar tsoka da zaizayar gaɓoɓi, wanda shi ne mafi yawa, shi ne kuma allura ke iya ragewa. Akwai kuma wanda alama ce ta wata cuta da ke ƙasa, wanda idan aka lulluɓe zafinsa aka bar tushen, an yi ɓarna.

Kada ka nemi mai allura, ka nufi asibiti kai tsaye, idan ciwon bayan ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan: fitsari ko bayan gida na zubo maka ba ka sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita, ba ka jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ƙafa na raunana har kana jan ta, zazzaɓi, zufar dare da rama, ko kuma ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko daga bishiya. Zufar dare da rama tare da ciwon baya na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, wanda ke da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati, kuma jinkiri a kansa na iya gurgunta mutum. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, mu a wannan yanki mun san sunansa: sanƙarau. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau a kwana ɗaya ita ma ta asibiti ce. Mai sikila da ciwonsa ya tashi, wurinsa gadon asibiti da ƙarin ruwa. Karaya da targaɗe kuwa, ko a Aliero da aka san su da ɗori ba wanda zai ce maka a tsira musu allura.

A Birnin Kebbi akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, akwai kuma cibiyar lafiya ta Kalgo. Ka je, a duba ka, a yi hoto idan likita ya ga da buƙata, ka riƙe takardunka. Da su za ka tafi wurin mai allura.

Mataki na 2: Ka san iyakar abin da za ka samu

Inda bincike ya fi goyon bayan akufanca shi ne ciwon da ya daɗe, wata 3 zuwa sama: ƙugu, wuya, kafaɗa, amosanin gwiwa, da ciwon kai mai yawan dawowa har da na ɓarin kai. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya tattara bayanan majinyata sama da 20,000, ya gano cewa waɗanda aka yi wa allura sun fi waɗanda ba a yi wa komai ba samun sauƙi a fili. Amma da aka gwada allurar gaske da ta bogi, tazarar ƙarama ce.

Wani gwaji da aka yi a Jamus, aka fitar da sakamakonsa a 2007, ya fi nuna wannan. Majinyata 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka raba uku. Waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sinawa, kusan kashi 48 cikin 100 sun sami sauƙi. Waɗanda aka tsira wa allura sama-sama a wuraren da ba gurabenta ba, kashi 44. Waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba, ƙwayoyi da motsa jiki, kashi 27. Masu yabon sana'ar suna kallon 48 da 27, masu kushe ta suna kallon 48 da 44, kuma kowa na da abin kamawa. Ko hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila maganarta ta rabu biyu: a 2016 ta ce kada a riƙa yin allurar don ciwon ƙugu, a 2021 ta ce ana iya gwada zango guda, wato jerin zaman allura, ga mai daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba. Ga ciwon kai mai yawan dawowa kuwa ta amince da zama har 10 cikin mako 5 zuwa 8.

Sinawan zamanin da sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, allura ke buɗe inda ya toshe. Masu fiɗa ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi ba. Abin da aka gano tun shekarun 1970 shi ne sukar allura na zaburar da jijiyoyi, jiki ya saki wasu sinadaransa na kashe zafi, tsokar da ta ɗaure ta ɗan saki. Kwanciya shiru na rabin awa a hannun wanda ya saurare ka, da tsammanin samun sauƙi, su ma suna da nasu kason. Ni dai ban ga aibi a nan ba, muddin ba a yi maka ƙarya ba. Abin da za ka sa rai shi ne ciwo ya ragu, ka rage ƙwaya, ka yi barci. Allura ba ta mayar da guringuntsin gwiwa da ya cinye. Wanda ya ce da ita zai warkar maka da ciwon suga, hawan jini, rashin haihuwa, kansa ko shanyewar ɓarin jiki, ɗauki takalminka.

Mataki na 3: Neman wanda zai yi maka

Fara da sashen gashin ƙashi na babban asibiti. Wasu daga cikin masu wannan aiki suna ƙaro horo kan amfani da irin waɗannan allurai, ko dai bisa tsarin Sinawa ko kuma ta hanyar soka su kai tsaye a ƙullin tsoka mai ciwo. Ka tambaye su ko akwai mai horon a cikinsu, in babu su nuna maka wanda suka yarda da shi. Matambayi ba ya ɓata. Fa'idar mai gashin ƙashi ko likita ita ce ya san inda huhu yake, ya san inda manyan jijiyoyi suka bi, kuma yana da hukumar da za a kai ƙararsa: MRTB ke rajistar masu gashin ƙashi, MDCN ke rajistar likitoci.

Yana iya kamawa sai ka fita jiha, zuwa Sakkwato inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, ko Kano, ko Abuja. To ka sa wannan a lissafi tun yanzu, domin ba zama ɗaya ba ne. Mai ciwon ƙugu da zai taso daga Kamba ko Zuru, ya yi awanni a matse a bayan mota, a yi masa allura ta minti 20, ya sake komawa cikin motar, hanya ta cinye ribar. Idan tafiyar dole ce, gara ka sami masauki wajen dangi ka yi zamanka a jere cikin 'yan makonni.

Akwai masu yawo gari-gari, su kama ɗakin otal ko shago na kwana uku, su duba ka da wata na'ura da wai ke karanta dukkan cututtukan jikinka ta tafin hannu, daga ƙarshe su ɗora maka kwalaben ƙarin lafiya masu tsada. Ko da suna da allura, ba su ne ba. Wanda ba za ka same shi gobe ba idan wurin ya kumbura, kada ka ba shi bayanka yau.

Mataki na 4: Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya

Mu mutane ne masu kunya, ba ma son tuhumar mai magani. A nan kunya ba ta da wuri. Cikin ladabi za ka ce, "Likita, don Allah a ina aka yi horon wannan aiki, kuma na tsawon wane lokaci?" Sannan, "Allurar sabuwa ce a leda, ko ana sake amfani da ita?" Sannan, "Zama nawa kake ganin zan yi kafin mu san ko tana yi?" Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan.

Maganar allurar ita ce babba. Dole ta zama wadda ake amfani da ita sau ɗaya, a rufe cikin takardarta, a ɓare a gabanka, a jefa ta cikin akwatin zubar da allura idan an gama. Jiƙa ta cikin sifirit ko tafasa ta bai wadatar ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, kuma ta fi ƙanjamau saurin yaɗuwa ta ƙarfe mai tsini. Allurar da ta fita daga jikin wani ba ta shiga naka, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kada kuma ka yarda a ce za a ajiye maka naka allurai a kwalba da sunanka don zama na gaba.

Batun kuɗi: ka biya zama-zama. Kada ka zube kuɗin zama 20 a dunƙule don an yi maka ragi. Ka tambaya ko kuɗin allura na ciki, ko akwai wani magani da za a ce sai ka saya daga baya.

Ke kuma 'yar'uwa, ki tambaya ko akwai mace mai yi. In babu, ki tafi da mijinki ko wata 'yar'uwa ta zauna a ɗakin, ki kuma nemi a faɗa miki tun farko wuraren da za a buɗe. Yawancin guraben suna hannu, ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa, da baya, kuma ana iya rufe sauran jiki da zane.

Mataki na 5: Abin da ba za ka ɓoye masa ba

Faɗa masa idan kana shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin, ko jininka ba ya saurin tsayawa. Idan kina da juna biyu, ko kina zaton haka, ki faɗa, kuma ki fara jin ta bakin masu awonki, domin akwai guraben da ake kauce wa a ciki da ƙugu da wasu wurare. Mai ciwon suga ya faɗa, saboda rauni ba ya saurin warke masa kuma ƙafarsa na iya rasa jin zafi. Haka mai farfaɗiya, mai ciwon bawul ɗin zuciya, da wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, wanda shi sam ba a haɗa masa allura da lantarki. Idan ka taɓa suma don ganin allura ko jini, wannan ma ka faɗa. Ka ambaci jiƙe-jiƙe da sassaƙe da kake sha, ba na kemis kaɗai ba. Kada kuma ka daina maganin da likita ya rubuta maka don ka fara allura.

Mataki na 6: Ranar zuwa

Ka ci abinci mara nauyi awa ɗaya ko biyu kafin ka tafi, ka sha ruwa. Yunwa da ƙishi da tsoro su ke kawo jiri, ga shi zafin Kebbi a Afrilu yana haura digiri 40. Saboda haka watan azumi bai dace da zaman farko ba, sai dai bayan buɗa baki. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, wannan kuwa ko ruwan magani babu a cikinta, amma hukuncin ka ji shi daga malaminka. Ni abin da nake guje maka shi ne faɗuwa.

Ka yi wanka, kada ka shafa man zafi. Sa wando mai faɗi da zai naɗu har saman gwiwa. Bar babur ɗinka a gida, wani ya kai ka.

Kafin ka fita, ɗauki takarda ka rubuta abu uku: ƙarfin ciwon yau daga 0 zuwa 10, ƙwaya nawa ka sha a makon da ya wuce, da wani abu guda da ciwon ya hana ka. Na ukun ya fi muhimmanci. Kana iya ruku'u da sujada, ko a zaune kake salla? Kana iya tsugunno? Minti nawa kake yi a sunkuye kafin ka miƙe dafe da ƙugu? Sau nawa ciwo ke tashinka da dare?

Mataki na 7: A kan gado

Zaman farko na iya kai awa guda, mafi yawansa tambayoyi. Mai bin tsarin Sinawa zai duba harshenka ya riƙe wuyan hannunka yana jin bugun jini. Mai gashin ƙashi zai danna tsoka yana neman inda ya ɗaure. Ka lura ko ya wanke hannu, ko shimfiɗar tana da tsabta. Ka nemi a yi maka a kwance, ba a zaune ba.

Allurar siririya ce, kaurinta wajen milimita 0.2 zuwa 0.3, kamar gashin wutsiyar doki, kuma ba ta da rami a ciki. Ta asibiti da ake ɗibar jini da ita ta ninka ta kusan sau uku. Sau da yawa tana cikin wani ɗan bututun roba. A ɗora a fata, a ɗan ƙwanƙwasa, ta shige. Za ka ji ɗan tsini na daƙiƙa guda, wani wurin ma ba za ka ji komai ba. Tafin hannu, yatsu da tafin ƙafa sun fi ji. Bayan nan yana iya murza ta kaɗan, sai ka ji nauyi, ko tsami, ko ɗumi na yaɗuwa a wurin. Wannan shi ake nema. Wani lokaci tsoka ta yi zillo da kanta, ba komai.

Abin da ba a nema shi ne zafi mai kaifi da ya ƙi lafawa, ko wani abu mai fizga da ya bi hannu ko ƙafa har yatsu. Nan take ka ce, "Likita, wannan tana yi mini zafi." Zai ja ta baya ko ya cire. Jarumta ba ta ƙara wa aikin albarka. Haka idan ka ji zufa mai sanyi, tashin zuciya ko duhun gani, ka yi magana a cire duka.

Yawanci allura 5 zuwa 20 ake sawa, a bar su minti 15 zuwa 30. Kada ka yi mamaki idan ciwo na ƙugu aka sa maka wata a bayan gwiwa ko a hannu. Kada ka motsa, kada ka miƙa hannu ɗaukar waya. Ka tambayi adadin da aka sa, ka ƙirga lokacin cirewa, domin ana mantuwa da guda a cikin gashi ko ƙarƙashin riga.

Wurin da ya fi buƙatar hattara shi ne ƙirji, saman kafaɗa, gindin wuya da tsakanin haƙarƙari ta baya. Huhu na kusa da fata a nan, musamman ga siririn mutum ko mai shan taba. Ƙwararre yana kwantar da allurar a karkace, ba ya nutsa ta. Idan hankalinka bai kwanta ba, kana da damar cewa a zaman farko a tsaya a hannu da ƙafa da ƙugu.

Wasu na haɗa allurar da 'yar na'urar lantarki mai batir, ka ji bugu a hankali. Kai ke faɗin inda za a tsaya. Wasu na ƙona wani busasshen ganye kusa da fata don ɗumama wurin. Mai suga da mai asma su ce a bar wannan.

Mataki na 8: Bayan an zare

Zauna minti 5 ko 10 kafin ka miƙe. Ɗigon jini, ɗan taruwar jini a ƙarƙashin fata, tsamin wuri na kwana ɗaya ko biyu, kasala da jin barci, duk an saba ganinsu. Wani ciwonsa kan ɗan ƙaru kafin ya lafa. Ranar kada ka shiga fadama ko kogi da sabon gurbin allura, kada ka ɗauki buhu.

Ka tafi asibiti ba tare da jira ba idan numfashi ya yi maka wuya, ko ƙirji na suka, ko busasshen tari ya taso bayan an yi maka allura a ƙirji, kafaɗa ko saman baya, ko da bayan awanni ne ko washegari. Ka gaya musu an yi maka allura da kuma inda aka yi. Haka idan wuri ya yi ja, ya kumbura, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya.

Mataki na 9: Lissafi

Zama ɗaya ba ya nuna komai, ko ka ji daɗi ko ba ka ji ba. An saba yin sau ɗaya ko biyu a mako, zama 6 zuwa 8. Kowane mako ka koma ga takardarka ka sake rubuta abubuwan nan uku, a rana guda da lokaci guda. Ka yi adalci wajen auna: idan ka fara allura ana gama girbi ka daina sunkuyo, hutun ma na da hannu a sauƙin da ka samu.

A zama na 6 ka tsaya ka duba. Idan ciwo ya sauko daga 7 zuwa 4 ko 5, ƙwaya ta ragu, ka koma salla a tsaye, to ka ƙarasa zangon sannan a riƙa tsawaita tazara. Idan babu abin da ya motsa, ka dakata, ko da an ce maka jikinka ne bai karɓa ba tukuna. Ko inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, wadda ta fara biyan kuɗin akufanca don daɗaɗɗen ciwon ƙugu a 2020, zama 12 take ba mutum cikin kwana 90. Sai an ga ci gaba take ƙara 8, in ba a gani ba a tsaya.

Ko ta yi ko ba ta yi ba, kafin ka bar wurin mai gashin ƙashi ka sa ya koya maka atisaye uku ko huɗu na ƙarfafa tsokar ciki, baya da cinya, ya kalle ka kana yi har ka iya. Ya nuna maka yadda ake ɗaga buhu da gwiwa maimakon ƙugu. Idan allura ta rage zafin, makonnin nan na sauƙi su ne lokacin da za ka fara atisayen, minti 10 bayan sallar asuba da 10 kafin ka kwanta, sannan ka koma wurin likitan da ya fara duba ka da takardarka don ya sake duba yawan ƙwayar da kake sha.